A riƙa duba dasashin yaro bayan ƙyanda

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, duk sa'ad da aka tashi maganar cutar noma a jarida ko talabijin, hoton yaron da kuncinsa ya riga ya huje ake nunawa. Wannan kuwa ƙarshen lamarin ne. Farkonsa ya kamata iyaye su sani, tun maganin 'yan kwanaki yana iya tare ta.

Sunan ya zo ɗaya da noman gona, amma babu abin da ya haɗa su. A ƙauyukanmu wasu na ce mata ciwon daji, wasu ciwon iska. Ba daji ba ce, ba kuma aikin iskoki ba ne, sannan ba a ɗaukarta daga wani. Ƙwayoyin cuta ne na cikin baki ke samun dama idan jikin yaro ya yi rauni, galibi ɗan shekara 2 zuwa 6 mai tamowa wanda bai daɗe da tashi daga ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro ba.

Daga dasashi take somawa. A ɗaga leɓen yaro a cikin haske: dasashin ya yi ja ya kumbura, ana taɓawa sai jini. Daga nan sai gyambo a gindin haƙora, baki ya riƙa ɗoyi irin na ruɓaɓɓen nama, miyau na dalala, yaro ya ƙi abinci. A nan ake yin sakaci, don sai a ce haƙori ne, ko zafin ciki, a jiƙa masa sassaƙe. Ɗan shekara huɗu wane haƙori yake fitarwa? Idan kunci ko leɓe ya kumbura ya yi tauri, to ranar za a tafi asibiti, ba gobe ba. Daga kumburin zuwa fitowar baƙin tabo da zubewar nama bai fi 'yan kwanaki ba, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin yara goma da ba su sami magani ba, tara na iya mutuwa. Wanda ya tsira kuma sau da yawa muƙamuƙinsa kan ɗaure, ci da magana su gagare shi.

Tun ana matakin jan dasashi akwai abin yi a gida. A tafasa ruwa, a bari ya huce ya zama ɗumi, a zuba rabin ƙaramin cokali na gishiri a kofi ɗaya. Babban yaro ya kuskure ya tofar. Ƙarami kuwa a naɗe tsumma mai tsabta a yatsa a goge masa dasashi a hankali, safe da yamma da bayan cin abinci. A ƙara masa ƙwai, wake, nono da kunun gyaɗa, kaɗan-kaɗan sau da yawa, tunda tauna na yi masa ciwo. Amma da zarar gyambo da ɗoyi sun bayyana, ruwan gishiri bai isa ba. Ana buƙatar magungunan kashe ƙwayoyin cuta irin su amoxicillin da metronidazole, gwargwadon nauyin yaro, daga hannun ma'aikacin lafiya. Sayen ƙwaya huɗu a kemis a daina da zarar an ga sauƙi shi ke sa ciwon ya lafa ya dawo. Sakiya da shafa toka ko garin magani a gyambon kuwa ƙara kashe naman suke yi.

Mu a Sakkwato muna da Asibitin Yara na Noma tun 1999, ƙungiyar likitoci ta MSF na tallafa masa tun 2014, kuma kyauta ake magani da tiyatar gyaran fuska. Najeriya ce ma ta jagoranci neman da ya sa a Disambar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka noma cikin jerinta na cututtukan da aka yi watsi da su. Sai dai tiyata kan ɗauki zagaye da yawa, ga wahalar zirga-zirga daga Illela ko Sabon Birni.

Roƙona shi ne kafin bazara, lokacin da ƙyanda ta fi yaɗuwa, ku ware fili ku tuna wa iyaye allurar ƙyanda a wata 9 da ta biyu a wata 15, ku kuma buga hoton dasashi mai ja da jini, wanda uwa za ta iya kwatantawa da bakin ɗanta.

Naku,
Wani ma'aikacin lafiya,
Sakkwato