Amsa ga Malamar da Ta Tambaye Ni Kan Hotunan Berengo Gardin

Malama, assalamu alaikum.

A zaman da muka yi da ɗalibai makon jiya, kin miƙe a gaban jama'a kin tambaye ni dalilin da ya sa nake yabon Gianni Berengo Gardin, mai ɗaukar hoto ɗan Italiya, alhali ya ɗauki masu taɓin hankali a halin da babu wanda zai so a ga ɗan'uwansa a ciki. Kika ce wannan tona asiri ne. Lokaci ya ƙure kafin in amsa, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Damuwarki tana kan hanya, domin ni ma raina yana ɓaci idan na ga an ɗauki marar lafiya a kan titi an watsa a Facebook don a yi dariya. Sai dai wannan aikin asalinsa daban ne. A 1968, likita Franco Basaglia, wanda tun 1961 yake ƙoƙarin buɗe ƙofofin asibitin masu taɓin hankali na garin Gorizia a Italiya, ya goyi bayan a nuna wa duniya abin da ke bayan katanga. Berengo Gardin da wata mai ɗaukar hoto, Carla Cerati, suka shiga asibitocin Gorizia da Colorno da Florence, suka ɗauko mutanen da aka aske wa kai, waɗansu an ɗaure musu hannuwa cikin riga, waɗansu suna zaune a tsakar gida ba mai kula da su. Littafin ya fito a 1969 da sunan Morire di classe, wato talauci ne ya jefa su inda suke mutuwa, kuma Basaglia da matarsa Franca Ongaro ne suka tsara shi.

A ganina, asirin hukumar da ta kulle su ne ya tonu. Ba hotuna kaɗai suka kawo canji ba, amma sun taimaka wajen farkar da jama'a, har majalisar Italiya ta zartar da doka mai lamba 180 a 1978, wadda ta tanadi rufe irin waɗannan gidaje.

Haka Berengo Gardin ya ci gaba da irin wannan aiki har rasuwarsa a 2025 yana da shekara 94. Ya zauna da ƙabilar Roma, waɗanda ake kira Gypsy, a Florence kafin ya ɗauke su, kuma yakan buga hatimi a bayan hotunansa na baƙi da fari, yana shaida cewa ba a taɓa su da kwamfuta ba.

Idan Allah ya kai mu zama na gaba, zan zo da hotunan mu duba tare.

Wassalam.