Godiya ga masu gyaran da suka dawo wa laftof ɗina da sauti

Assalamu alaikum.

Wannan wasiƙa ta mai shagon gyaran kwamfuta ce da yaransa, inda na kai laftof ɗina kwanakin baya. Na yi muku godiya da baki ranar da na karɓi kayana, amma raina bai kwanta da ita ba, shi ya sa na ce bari in rubuta inda jama'a za su gani. Ban sa sunan shagon ba don ban nemi izininku ba, amma in kun karanta za ku gane kanku.

Ga abin da ya same ni. Sifikokin laftof ɗin ne suka yi tsit. In na soka iyafis, sauti garau, ba ko ƙarar iska. In na zare, shiru kake ji. A can ƙasan allo kuma Windows tana ta nuna wai iyafis na ciki, alhali ramin fayau yake. Ni kuwa da sifika nake aiki: da ita muke jin karatu da iyali, da ita nake magana da jikoki ta bidiyo kowa yana ji. Kunnen tsoho ba ya jure abin toshewa na tsawon lokaci, balle a ce mutum da yawa su raba iyafis ɗaya.

Kafin in zo wurinku na sha yawo, kuma yawon ne ya sa na san darajar abin da kuka yi mini. Wani ko buɗe murfin bai gama ba ya ce bairos ne, sai an yi fomatin. Na ce takarduna da hotuna fa? Ya ɗaga kafaɗa. Wani ya ce sifikokin ne suka ƙone, in kawo kuɗin sababbi a yi oda. Wanda ya fi ba ni haushi shi ne wanda ya ce abin sautin da ke kan babban bod, wato allon da ke haɗa kayan cikin kwamfuta, ne ya mutu, ko a canza bod ɗin gaba ɗaya ko in haƙura in sayi wata. Na tambaye shi, in ya mutu, ina sautin da nake ji a iyafis yake fitowa? Sai ya yi dariya ya ce, "Baba, ba za ka gane ba." Ƙaya ce ta soki mutum, likita na maganar yanke ƙafa. A wani wurin kuma aka miƙo mini ɗan abin sauti na USB, aka ce in riƙa maƙalawa. Yana aiki kam, amma ba ya tayar da sifikar cikin laftof, kuma ita na zo nema.

Da wannan gajiyar na shigo shagonku, ban sa rai da komai ba. Saurayin da ke teburin ciki, wanda ya miƙe ya ba ni kujerarsa, shi ne dalilin wannan rubutu. Bai taɓa sukundireba ba sai da ya gama yi mini tambayoyi. Yaushe abin ya fara? Laftof ta taɓa faɗuwa da iyafis a jiki? Ana jin sauti ta iyafis ɗin? Da na ce ana ji, sai ya ce, "To Baba, abin sautin na da rai ke nan. Bari mu ga ko sifikokin ma suna da shi."

Ya ɗauko filashi ya tayar da laftof ɗin da Linux, wata manhajar tafiyar da kwamfuta irin Windows, ba tare da ya shiga Windows ɗina ba. Ya buɗe wani baƙin shafi mai sanduna da ake kira alsamixer, ya nemo wurin da aka rubuta Auto-Mute Mode, abin da ke rufe sifika in an soka iyafis, ya kashe shi, ya kunna wani sauti. Wallahi sai da na zabura, don sifikokin da aka ce mini sun ƙone su ne suka cika shagon da ƙara. Cikin 'yan mintuna, ba a kwance ko noti ɗaya ba, ya wanke sifika da bod da Windows daga zargi.

Sannan ya juyo da laftof ɗin ya nuna mini ramin, ya yi mini bayani da haƙuri. Ramin nan mai faɗin milimita 3.5 akwai wani siririn ƙarfe a can cikinsa. In kan iyafis ya shiga sai ya ture shi, shi kuma ya kai labari ga guntun da ke sarrafa sauti, wanda a tawa na kamfanin Realtek ne, cewa an soka wani abu. Sai manhaja ta sa guntun ya rufe bakin sifika. In an zare, ƙarfen ya koma mazauninsa, sifika ta dawo. A tawa ƙarfen ne ya maƙale, ya ƙi komawa, don haka kwamfutar ba ƙarya take yi ba, abin da aka gaya mata take faɗi. Ya ƙara da cewa a tsofaffin rediyo ramin ne da kansa yake katse wayar sifika, amma tun da Intel ta fito da tsarin High Definition Audio a 2004 ya maye gurbin tsohon tsarin sauti na AC'97, ramin labari kawai yake bayarwa, manhaja ke yanke hukunci. Dalilin da ya sa ya iya tilasta wa sifikar magana ta Linux ke nan. Abokin aikinsa ya sa baki ya ce tsofaffin MacBook, laftof ɗin kamfanin Apple, ma suna da irin wannan lalura, har jan haske ake gani yana fitowa daga ramin in abin ya maƙale. Ni dai ina zaune ina sauraro, shekaru ina amfani da na'urar nan ban san akwai wannan ɗan ƙarfen ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne bai yanke mini shawara ba. Ya ce, "Baba, in kana so, a wasu kwamfutocin ana iya kashe wannan ganowar ta manhajar Realtek, ka tafi yanzu. Sai dai za ka riƙa sauya sifika da iyafis da hannu, kuma in Windows ta sabunta manhajar da ke tafiyar da sauti abin na iya dawowa. Ko mu gwada wankewa. In ta ƙi, sai canji." Na ce, "Ɗana, yi abin da za ka yi wa ta mahaifinka." Ya hura iska, ya goge da sipirit ɗin wanke na'ura, ya soka ya zare a hankali. Ta ƙi. Bai ɓoye mini ba, ya ce ta ƙi. Ya cire batir tukuna, ya buɗe, ya ɗora mitar auna wuta ya nuna mini yadda ƙafafun ramin ke ba da amsa iri ɗaya, da iyafis da babu. Allah ya taimaka ramin na kan wani ɗan ƙaramin bod ne tare da kafar USB, wanda wata waya mai faɗi ta haɗa da babban, don haka ba a kai wuta kusa da babban bod ba. Ya narke dalma ya cire tsohon, ya dasa sabo. Sauran aikin, rasit da gwaji da mayar da notuna, duk an yi yadda ya kamata.

Tsohon ramin ma sai da ya sa mini a 'yar leda ya miƙo, ya ce in duba da kaina, ga ƙarfen nan a lanƙwashe. Ya gargaɗe ni kada in bar kowa ya zura allura ko tsinke a ramin, kada a fizge iyafis ta gefe, kada kuma a sa laftof a jaka da shi a jiki.

Yanzu ku gaya mini, me ya hana sauran yin haka? Filashi da mita ba su fi ƙarfin kowane shago ba. Abin da ya yi ƙaranci shi ne niyyar neman inda ciwon yake. Fomatin ya zama maganin komai: sauti ya ɗauke, fomatin, kwamfuta na zafi, fomatin. Mutum ya rasa takardun shekaru, ya koma gida, sifika na nan shiru, don ba a taɓa gyara lanƙwasasshen ƙarfe da sabuwar Windows ba. Ga ɗabi'ar neman lambar sirrinka tun kafin a ji me ya kawo ka, ka bar hotunan iyalinka a hannun wanda ba ka sani ba. A wurinku ba wanda ya tambaye ni ita. Ga masu cewa sun canza abu, ka ce a nuna maka tsohon, a ce an zubar. Kuma ba masu kwamfuta kaɗai ba, masu gyaran waya da talabijin ma haka, in suka ga furfura sai su ɗauka ba ka da ikon yin tambaya. Har kamfanonin da ke ƙera laftof ɗin ban bar su ba, don da yawa yanzu a kan babban bod suke manne ramin, ƙaramin gyara ya koma aikin kasada.

Mai shago, ka riƙe yaron nan da kyau, kuma ka bar shi ya koya wa na ƙasa da shi yadda yake aiki. Allah ya yi masa albarka, ya ƙara muku kasuwa.

Wassalam.