Rahoton Ayyukan Shekara ga Membobi: Ajin Kwamfuta da Zaman Karta

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe Shugaba, iyayen ƙungiya, yayyena da ƙannena 'yan fansho, ga bayanin abin da muka gudanar a bana. Da farko muna addu'a ga 'yan'uwanmu da suka riga mu gidan gaskiya a cikin shekarar. Allah Ya jiƙansu, Ya kyautata namu ƙarshen. Batun kuɗi kuwa, ma'aji zai kawo nasa bayanin daban.

Dubiyar marasa lafiya, rakiyar masu zuwa tantancewa da rabon kayan buɗa-baki duk sun gudana kamar yadda aka saba, kuma muna gode wa waɗanda suka ba da motocinsu. Abin da ya fi cin lokacin kwamiti shi ne ajin kwamfuta, don haka a kansa zan tsaya.

Kun san dalilin buɗe ajin. Harkar fansho da ta banki sun koma kan waya da kwamfuta, dattijo kuma sai ya jira jika ya dawo daga makaranta kafin ya san ko kuɗinsa sun shigo. 'Ya'yanmu suka taimaka da tsofaffin kwamfutocin cinya, muka samu matashi ɗan unguwa ya yarda zai koyar kyauta. Makonnin farko sun yi wuya. Hannun da ya shekara 35 yana riƙe da alli ko biro ya kasa sarrafa linzamin kwamfuta, kibiyar ta yi gabas alhali yamma ake so. Wasu har sun fara cewa girma ya zo, a bar wa yara. Sai malamin ya rufe darasin, ya buɗe mana Solitaire, wasan karta na mutum ɗaya.

Ashe ba shi ya ƙago dabarar ba. Kamfanin Microsoft ya sanya wannan wasa a cikin Windows 3.0 tun 1990, wani ɗalibi mai sanin makamar aiki, Wes Cherry, ya rubuta shi, kuma ɗaya daga cikin manufofin shi ne mutane su saba da danna abu su ja shi da linzami. Katuna 52 ne, ana shimfiɗa 28 a layi bakwai, kana ɗora ja a kan baƙi, ƙarami a kan babba. Mai son ya ɗora bakwai ja a kan takwas baƙi mantawa yake da tsoron na'ura, hannu ya tafi da kansa. Kafin damina ta sauka, yawancin 'yan ajin sun iya buɗe fayil da rufe shi ba tare da an kama musu hannu ba. A ganina wannan ce babbar nasararmu ta bana.

Daga nan aka koma Hearts, inda mutum ke zama da abokan karawa uku, dukkansu kwamfuta. A wannan wasa gudun maki ake yi. Kowane kati mai alamar zuciya maki 1 ne, akwai kuma wata baƙar sarauniya mai maki 13, jimla 26 a kowane rabo. Idan wani ya kai 100 wasa ya ƙare, mai mafi ƙarancin maki ya ci. Waɗanda suka yi aikin akanta da tsofaffin malaman lissafi su suka fi kamuwa da shi. Sauran jama'a kuwa Whot suka nema, wanda muka sani tun muna samari, aka sauke musu shi a waya. Wasan asalinsa daga Ingila ne, tun shekarun 1930, amma ya zama ɗan gida a Najeriya: katuna 54, babu lamba 6 babu 9, biyu ta sa ka ɗauki biyu, 14 ta tura kowa kasuwa, wato ɗaukar ƙarin kati, 20 kuma ka nemi alamar da kake so.

A nan ne gardama ta tashi. Wani babanmu, tsohon hedimasta, ya dage cewa kwamfuta leƙen katinsa take yi, domin duk sanda ya rage da kati ɗaya sai ta aika shi kasuwa. Mutane da dama suka mara masa baya, har sai da muka ware zama guda don wannan magana. Malamin ajin ya bayyana cewa manhajar da aka rubuta da gaskiya ba ta buƙatar leƙe. Ƙananan cikinsu ƙa'idoji kaɗan suke bi. Masu ƙarfin kuwa ba sa manta katin da ya faɗi, daga nan su lissafa abin da ya rage, su gwada rabo iri-iri da zai iya kasancewa a hannunka, su zaɓi jifar da ta fi yawan yin nasara. Ya ce karta ta fi wasan dara irin na Turawa wahalar da na'ura ta wata fuska, saboda a dara komai a fili yake, a karta kuwa hannun abokin karawa a ɓoye. Kwamfutar Deep Blue ta doke zakaran darar Turawa na duniya, Garry Kasparov, a 1997, amma sai a 2022 wata manhaja mai suna NooK ta rinjayi zakarun wasan karta na Bridge takwas a birnin Paris, shi ma a ɓangaren jefa kati kawai, ba dukan wasan ba. Baba hedimasta bai gamsu a ranar ba. Abin da ya yi shi ne ya zo da littafi yana rubuta duk katin da ya faɗi, kuma yanzu yana cikin waɗanda suka fi cin na'urar.

Akwai maganar da ba zan tsallake ba. Wasu membobi masu daraja sun nuna rashin jin daɗi tun farko, domin a ƙasarmu da an ce karta, caca ke zuwa a zuciya. Damuwarsu a kan hanya take, kuma kwamiti ya saurare su. Muka tsayar da cewa ba a sa kuɗi ko wani abu, ko da ƙwayar goro ce. Da an kira salla ana rufe kwamfuta. An dakatar da wasa gaba ɗaya a watan azumi. Duk manhajar da ke tallata caca ko neman a zuba kuɗi mun goge ta daga wayoyin membobi, da izininsu. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba kuma an ba shi darasin buga rubutu a madadin haka, ba wanda aka tilasta.

Abin da ya fi damuna ni kaina daban ne. Bayan da wasan ya shiga wayoyi, zaman majalisarmu na yamma ya ragu. Na je dubiyar wani yayanmu da muka kwana biyu ba mu gani ba, na same shi lafiya lau a zaure, shi kaɗai da waya. Ya ce na'ura ba ta gajiya, ba ta musu, ba ta tashi tsakiyar wasa. Gaskiya ya faɗa. To amma mun kafa ƙungiyar nan ne saboda kaɗaicin da ke biyo bayan ajiye aiki, kuma na'ura ba za ta lura ba idan ya wayi gari ba shi da lafiya. Saboda haka tun shigowar hunturu muka sauya tsari: mutum biyu a kan kwamfuta ɗaya, suna shawara kafin kowace jifa. Hayaniya ta dawo ɗakin, wasu da suka ɗauke ƙafa ma sun dawo, ko da yake ba duka ba.

Matsalolin da suka rage su ne ɗaukewar wuta da mutuwar baturan kwamfutocin, sai ƙanƙantar rubutu ga masu raunin ido. Kwamiti na neman amincewarku a sayi ƙaramin faifan sola da babban allo guda ɗaya. Iyayenmu mata kuma sun nemi a ware musu ranarsu tare da malama mace, kuma muna goyon baya. Za a kaɗa ƙuri'a a kan waɗannan bayan jawabin ma'aji. Wanda ya san 'yar unguwa da za ta iya koyarwa, don Allah ya same ni kafin a tashi.

Wassalam.

Sakataren ƙungiya