Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga kamfanin da ya rufe tambayata a kan harafin ƙ

Zuwa ga Shugaban Kamfani da ma'aikatan dandalinku na tambaya da amsa na masu rubuta manhaja,

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri. Sau uku ina aiko da saƙo ta adireshin da kuka ware don koke, sau ukun kuma na'ura ce ta amsa min cewa an karɓa ana dubawa. Yau mako shida ke nan. Shi ya sa na kawo maganar fili, kuma na rubuta ta da Hausa da gangan, domin a kan Hausa rigimar take. Na tabbata ba ku rasa wanda zai karanta muku.

Ni mai rubuta manhaja ne a Zariya. Shekara uku ina biyan kuɗin rajista a dandalinku, kuma ni na sa yara huɗu da ke koyon aiki a hannuna suka shiga. Wata makaranta ta ba ni aikin manhajar rajistar ɗalibai. Ranar biyan kuɗin zango, iyaye sun yi layi har bakin ƙofa, sai ga kiran malamar da ke ofis, murya na rawa, wai manhajar ta haɗiye yara. Ta rubuta Dahiru, babu. Ta rubuta Kasimu, babu. Na hau babur na je, na tarar sunayen suna nan daram. Ashe wanda ya shigar da su tun farko da waya ya yi aikin, ya rubuta Ɗahiru da Ƙasimu yadda ya kamata, ita kuwa kwamfutar ofis kibod ɗinta na Turanci ne, ba ta da ɗ balle ƙ. A wurin kwamfuta kuwa D da Ɗ ba su haɗa uwa ba, ba su haɗa uba ba.

Da daddare na zauna na rubuta tambaya da Turanci, bisa duk ƙa'idojinku. Na sa layi goma na JavaScript, harshen da na rubuta manhajar da shi, na faɗi abin da na gwada, na nuna abin da ya fito da abin da nake so ya fito. Kafin in gama shan shayi an rufe ta. Dalili: wai maimaici ce, an riga an amsa irinta. Aka jona ta da wata tsohuwar tambaya ta wani mai son cire alamomin da ke kan wasulan Faransanci.

Ranka ya daɗe, a nan nake so ku ɗan tsaya da ni, domin duk ƙorafin a nan yake. Harafin é na Faransanci, a tsarin Unicode da ke ba kowane harafi lambarsa a kwamfuta, ana iya raba shi gida biyu: e tsagwaronsa, da alamar da ke bisa kansa. Amsar waccan tambayar ta ce a yi amfani da salon da ake kira NFD a warware harafin, sannan a share alamomin da lambobinsu ke tsakanin U+0300 da U+036F. Amsa ce mai kyau, ni ma na sha amfani da ita. To amma ƙ namu, mai lamba U+0199, ba ya warwaruwa. Ƙugiyar jikinsa take, ba ɗora masa ita aka yi ba. Haka ɓ da ɗ, haka ƴ da 'yan'uwanmu na Nijar ke rubutawa inda mu a Najeriya muke sa 'y. Ka bi da su ta NFD sau ɗari, yadda suka shiga haka za su fito. Wannan kuwa na rubuta shi ɓaro-ɓaro a sakin layi na biyu na tambayata: na gwada waccan hanyar, ba ta yi ba, ga sakamakon. Duk wanda ya rufe ta bai kai ga sakin layi na biyu ba. Ya ga baƙon harafi a take, ya ɗauka duk baƙin haruffa ɗaya ne, ya danna.

Da a nan abin ya tsaya, da na haƙura. Amma a 'yan mintocin da tambayar ta yi a buɗe, wani ya riga ya liƙa amsa. Doguwa ce, Turancinta sumul, an jera ta mataki-mataki, ta kuma tabbatar da cewa NFD na maganin haruffan Hausa gaba ɗaya. Duk wanda ya saba da rubutun ƙirƙirarriyar basira zai gane ƙamshinsa tun daga layin farko. Ko ma wa ya rubuta, bai gwada ba, don gwaji na daƙiƙa biyar ya isa ya ƙaryata shi. Yanzu ga yadda lamarin yake: tambaya a rufe, ba wanda zai iya ƙara amsa, amsa ɗaya tilo da ke ƙarƙashinta kuma ƙarya ce, har mutum uku sun ba ta maki. Na kai ƙararta, aka maido min da wata jimla da ake aika wa kowa, cewa masu kula ba sa yanke hukunci a kan daidai ko kuskuren amsa. To madalla. Ba su da hurumin duba amsa, amma suna da hurumin cewa tambayata daidai take da wata ba tare da sun karanta ba.

Ni na warware matsalata tun a daren. Ɗan jadawali na yi da hannu mai mayar da ɓ zuwa b, ɗ zuwa d, ƙ zuwa k, ƴ zuwa y, da manyansu, na kuma sa a share alamar da ke gaban 'y, wadda ita ma kala-kala ce, kowace waya da irin tata. Sai na ajiye sunan iri biyu a rumbun bayanai, na asali don nunawa, sassauƙan don bincike kawai, saboda ƙasa da kasa ba abu ɗaya ba ne, haka ɗaki da daki, kuma ba zan yarda a ɓata wa yaro suna a takardar sakamakonsa ba. Layi ashirin bai cika ba. Abin da nake nema tun mako shida shi ne a bar ni in sa wannan a ƙarƙashin tambayata, don wani a Maraɗi ko Kumasi da zai ci karo da irin wannan gobe ya huta. Kyauta nake son ba ku, kun rufe ƙofa.

Kada a fahimce ni baibai, ba ina cewa a daina tsauri ba ne. Ni ma ina jin haushin wanda zai kwaso aikin gida da aka ba shi a makaranta ya zube yana jiran a yi masa. Tsaurin ne ya sa na zaɓe ku, ba zaurukan WhatsApp ba, inda tambaya ɗaya ke zuwa sau goma a mako, amsa kuma ta nutse cikin gaisuwar Juma'a. Na kuma san yawancin masu kula da dandalin 'yan sa-kai ne, ba a biyansu ko sisi, kuma tambayoyi sun fi ƙarfinsu. Shi ya sa ba su na rubuto wa ba. Ku kuka gina tsarin da rufewa ke ɗaukar dannawa ɗaya, buɗewa kuma sai an tara ƙuri'un mutanen da ba su da dalilin leƙo tambayar da aka riga aka binne.

Akwai kuma maganar yarona, ƙarami a cikin huɗun, ɗan shekara goma sha tara. Kansa na ja ƙwarai, amma Turancinsa na makarantar gwamnati ne. Ya yi tambaya a kan Python, wani harshen rubuta manhaja, tambaya mai ma'ana. Abin da ya fara samu shi ne wani ya ce ya je ya koyi Turanci tukuna kafin ya koyi rubuta manhaja. Maganar ta kwana biyu a wurin ba a goge ba, tambayar kuwa awa ɗaya ba ta yi ba aka rufe ta, wai ba a gane abin da yake nufi. Ni na gane, kuma gyaran kalma huɗu ya isa kowa ya gane. Ina kallonsa ya kife wayar a kan benci bai ce uffan ba. Tun ranar bai sake tambayar mutum a intanet ba, manhajar ƙirƙirarriyar basira ta ChatGPT yake tambaya, ya ce ita ba ta yi masa dariya. Sai dai idan ta yi masa ƙarya babu wanda zai ce masa ƙarya ce, sai in na gani.

Tsarinku kwaikwayon na Stack Overflow ne, shahararren dandalin nan na tambaya da amsa na masu rubuta manhaja, ba ku ɓoye ba, to ku dubi abin da ya same su. Jeff Atwood da Joel Spolsky suka kafa shi a 2008 da wannan aƙida ta tambaya ɗaya, amsa mafi kyau a sama, ban da surutu. Bayan shekara goma, a Afrilun 2018, kamfanin da kansa ya fito ya amsa cewa sababbin shiga da mata da wasu da dama ba sa jin ana maraba da su, har ya sake dokokin ɗa'a a shekarar. A Disamban 2022 suka hana liƙa amsoshin ChatGPT, saboda suna kama da gaskiya alhali da yawansu kuskure ne. Da kamfanin ya ɗaure hannun masu kula a kan cire irin waɗannan amsoshi, sai suka tafi yajin aiki a ranar 5 ga Yunin 2023, ba a sasanta ba sai cikin Agusta. Wannan kamfani ne da Prosus, mai zuba jari a harkar fasaha, ta saya dala biliyan 1.8 a 2021, yana da ƙarfin jure girgiza. Su ma sun gane Turanci ba na kowa ba ne, suka buɗe rassa da harsunan Fotugal da Rasha da Japan da Sifen. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, ka san abin yi da naka.

Abin da nake nema kaɗan ne. A buɗe tambayata, a cire waccan amsar ko a bar ni in sa tawa kusa da ita, masu karatu su gwada su gani. Duk wanda zai rufe tambaya da sunan maimaici ya rubuta jimla ɗaya da hannunsa yana nuna inda tsohuwar amsa ta warware sabuwar matsala, in mai tambaya ya ce ya gwada ba ta yi ba, a saurare shi kafin a rufe. Ɗaukaka ƙara kuma ya kai ga mutum mai jini a jika, ma'aikacinku da kuke biya, cikin kwanakin da za ku faɗa ku cika. Wanda ya yi wa yarona izgili ba na neman a kore shi, a dai sanar da shi cewa akwai maɓallin gyara a ƙarƙashin kowace tambaya, kuma da shi ya danna da yanzu yaron na nan.

Rajistata za ta ƙare ƙarshen wata mai zuwa, ta yaran kuma bayan sallah. Ban sabunta ko ɗaya ba tukuna. Lambar tambayar tana cikin saƙonni ukun da na aiko, jadawalin haruffan kuma yana nan a shirye, ranar da kuka buɗe zan sa shi.

Na gode, a huta lafiya.

Naku,
Mai rubuta manhaja daga Zariya