Zuwa ga abokan cinikinmu: ba za mu ɗebi zuma a wannan damina ba

Assalamu alaikum iyayenmu da 'yan'uwanmu masu sayen zuma a wurinmu.

Zumar da muka ɗiba a rani ta kusa ƙarewa, kuma ba za mu sake yankan saƙa ba sai ruwa ya ɗauke. Wasunku sun bugo waya suna cewa ga daji ya yi kore shar, ta yaya za a ce babu zuma? Ga yadda abin yake.

Ƙudan zuma fure yake bi, ba ruwansa da ganye. Itatuwan da ke cika mana amya, wato kaɗanya da ɗorawa da mangwaro, tsakanin hunturu da bazara suke fure. Yanzu kuwa marka ce. Ruwan sama na wanke zaƙin da ke cikin fure, ƙudan ma ba ya fita kiwo ana ruwa, sai ya zauna yana cin abin da ya tara. Masu ci kuma da yawa. Amya mai ƙarfi tana ɗauke da dubban ƙudaje, sarauniya kan saka ƙwai sama da 1,000 a rana idan abinci ya wadata, daga ƙwai zuwa cikakkiyar ma'aikaciya kwana 20 ne ko kusa da haka, ita kuma ma'aikaciyar ba ta cika wuce mako 6 a duniya ba lokacin da aiki ya yi yawa. Kullum sai an reni sababbi su maye gurbin waɗanda suka mutu. Saƙar da ke cikin amya a watan Agusta rumbunsu ce.

Ƙudan ƙasarmu kuma ba ya zama yunwa ta kashe shi. Idan aka kwashe masa abinci, tashi yake yi gaba ɗaya har da sarauniya, a wayi gari amya ta zama wayam, tsutsar kaki ta cinye saƙar da ya bari. Wannan asarar ta fi ciwo, domin sai ƙuda ya sha zuma kilo 6 zuwa 8 kafin jikinsa ya fitar da kilo 1 na kaki. Duk ƙudan da ya tare daga baya, sai ya fara gini daga tushe kafin a ga ɗigon zuma.

Ko da mun rufe ido mun ɗiba, abin da za mu kawo muku bai nuna ba. Abin da ƙuda ke kawowa daga fure yawancinsa ruwa ne. Sai sun yi ta yi masa fifita da fukafukai har ruwan ya sauko zuwa kusan kashi 18 cikin 100, sannan su rufe bakin kowane rami da kaki. Da damina iska jiƙe take, aikin ba ya sauri. Zumar da ba a rufe ba takan yi tsami, ta yi kumfa, wani lokaci har ta tunkuɗe murfin kwalba.

An ba mu shawarar mu sayo a kasuwa mu ɗura a kwalabenmu don kada ku koma wani wuri. Mun ƙi. Zumar da ba mu ga saƙarta da idonmu ba, ba za mu iya rantse muku a kanta ba.

Sauran da ke hannu, kwalba ɗaya za mu riƙa ba kowa, mu fara da masu neman ta don mara lafiya. Wanda ya riga ya biya, in ya so ya karɓi kuɗinsa, in ya so ya jira ɗiban farko a kan tsohon farashi. Idan kuma ta gidanku ta daskare a hunturu, halin zuma ne, ba sukari aka zuba ba. A tsoma kwalbar cikin ruwan ɗumi, kada a ɗora ta a wuta.

Allah ya bar zumunci, ya ba mu damina mai albarka.

Naku,
masu kula da amyoyi da masu tsaron shago