Wasiƙa zuwa ga ɗana kan batun ajiye karatun jami'a

Assalamu alaikum, ɗana.

Bayan gaisuwa da fatan kana cikin ƙoshin lafiya, mahaifiyarka ta sanar da ni cewa kana son ajiye karatu a aji uku domin ka shiga kwas ɗin wata shida na koyon rubuta manhajar kwamfuta, wai da an gama sai aikin da ake biya da dala. Ban raina sana'ar ba, amma ina so ka san halin da kasuwarta take ciki.

A lokacin annobar korona manyan kamfanonin fasaha na Amurka sun yi ta ɗibar ma'aikata ba ji ba gani, har wanda bai wuce 'yan watanni yana koyo ba yakan samu gurbi. Da babban bankin ƙasar ya fara ƙara kuɗin ruwa a 2022, jari ya yi tsada, sai reshe ya juye da mujiya. A watan Nuwamba na shekarar kamfanin Meta, mai Facebook, ya sallami mutum 11,000, a Janairun 2023 kuma Google ya sallami 12,000, Microsoft 10,000. Waɗannan mutane ba gida suka koma suka zauna ba, layin neman aiki suka shiga tare da sababbin ɗaliban irin kwas ɗin da kake sha'awa, kuma mai ɗaukar ma'aikaci da aka ajiye wa takardar wanda ya shekara biyar a Google kusa da ta wanda ya kammala jiya ba ya dogon tunani. Ga kuma ƙirƙirarriyar basira (AI), wato manhajar da ke kwaikwayon tunanin ɗan adam, wadda take yin ƙananan ayyukan da a da ake ba sabon shiga ya goge da su.

Kada ka ce abin na can nesa ne. Kamfanin Andela, wanda aka kafa a Legas a 2014 domin horar da matasa kan rubuta manhaja, ya sallami ƙananan injiniyoyi kimanin 400 a Najeriya da Kenya da Uganda tun a 2019, saboda masu ba shi kwangila gogaggu suke nema.

A ganina, masu cin moriyar irin wannan horo su ne waɗanda suka zo da wani ilimi a hannu, kamar akanta ko malamin lissafi, suka ɗora rubuta manhaja a kai, kuma suna da aikin da za su nuna ana amfani da shi. Saboda haka ka ƙarasa digirinka, shekara ɗaya ce ta rage. Ka nemi gurbi a shirin 3MTT na koyar da fasahar kwamfuta da gwamnatin tarayya ta fara a 2023, wanda ba a biyan kuɗinsa, sannan ka gwada rubuta wa kawunka manhajar lissafin bashi ta shagonsa na Kantin Kwari, domin littafin nan nasa ya daɗe yana ba shi ciwon kai.

Idan za ka zo hutu ka taho da takardun kwas ɗin, mu duba abin da suka yi alkawarinsa a rubuce. Mahaifiyarka da ƙannenka suna gaishe ka.

Mahaifinka.