Wasiƙar Godiya ga Cibiyar Horar da Malamai ta Ƙasa, Kaduna

Zuwa ga Shugaban Cibiyar Horar da Malamai ta Ƙasa, wato NTI, da malaman da suka koyar da mu a cibiyar karatu ta jiharmu.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan kana lafiya, kai da ma'aikatanka baki ɗaya. Ni malamar firamare ce daga Jihar Katsina, shekara tara ina riƙe da aji ɗaya da aji biyu. Digirina a harshen Hausa na yi shi, ba ni da takardar koyarwa, shi ya sa na yanki fom ɗin difloma ta gaba da digiri a fannin ilimi a wurinku, don in samu damar yin rajista da hukumar rajistar malamai. Gaskiya takarda na je nema. Abin da na dawo da shi gida ya fi takarda nesa ba kusa ba, kuma a kansa nake son in yi godiya a bainar jama'a, domin yaba kyauta tukwici ne.

A cikin darussan da muka ɗauka akwai na halayyar ɗan Adam da yadda take sauyawa tun daga ciki har zuwa tsufa. Ranar farko malaminmu ya shigo, kafin ya buɗe littafi sai ya ce mu lissafo masa sunayen da Bahaushe yake kiran mutum da su tun daga haihuwa. Muka fara jerowa: ɗan tayi, jinjiri, yaro, saurayi da budurwa, magidanci, dattijo, tsoho, har wata daga baya ta ce tsoho tukuf. Ya rubuta su a allo, sannan ya karanto aya ta 54 a Suratur Rum, inda Allah Yake cewa Ya halicce mu daga rauni, Ya sanya ƙarfi bayan rauni, sannan Ya sanya rauni da furfura bayan ƙarfi. Ya ce kowane suna a allon nan yana da irin tunaninsa, da irin tsoronsa, da irin abin da yake buƙata daga mutanen da ke kewaye da shi. Ni a da na ɗauka da zarar mutum ya balaga shi ke nan, ya gama zama abin da zai zama.

Da muka zo kan Jean Piaget, masanin nan ɗan ƙasar Siwizalan da ya rayu daga 1896 zuwa 1980, malam bai bari mu haddace matakansa huɗu na bunƙasar tunanin yaro mu wuce ba. Aikin gida ya ba mu. Na samu kofi biyu iri ɗaya na cika su da zoɓo daidai wa daida, na kira 'yata mai shekara biyar da ɗan maƙwabciyata mai shekara takwas. Duk suka yarda zoɓon ɗaya ne. A gaban idonsu na juye kofi ɗaya cikin wata doguwar kwalba siririya, na ce to yanzu wanne ya fi yawa? 'Yata ta miƙa hannu ta rungume kwalbar, ta ce, "Umma, wannan, ga shi har wuya." Yaron kuwa ya dube ta ya ce ai ba a ƙara komai ba, in an mayar cikin kofi zai koma yadda yake. Na sake gwadawa sau uku, amsarta ba ta canza ba. Yarinyar nan wayo gare ta kamar me, ta haddace surori da yawa. Idonta ne kawai yake rinjayar lissafinta, kamar yadda yake ga yawancin yara kafin wajen shekara bakwai.

Daren nan ban yi barcin kirki ba. Fuskokin yaran ajina suka riƙa zuwar mini, waɗanda na sha ɗaga wa murya don na rubuta lissafi a allo sun kasa ganewa, har wasu na yanke musu hukuncin ba su da ƙwaƙwalwar karatu. Alhakinsu ya dame ni. Tun daga makon na sa kowane yaro ya zo da marafan kwalba ashirin ko ƙwallon dabino, muke ƙirga da hannu kafin mu taɓa alli. Malam ya kuma gargaɗe mu cewa masu bincike na baya sun gano yara kan iya wasu abubuwan da wuri fiye da yadda Piaget ya zata, don haka kada mu mayar da shekarun nan tamkar doka. Na ga amfanin gargaɗin, domin a aji ɗaya akwai mai shekara shida da ya riga mai takwas ganewa.

Bayanin Lev Vygotsky na Rasha, wanda tarin fuka ya kashe a 1934 yana da shekara 37, bai ba mu wuya ba. Cewa ya yi akwai abin da yaro zai iya shi kaɗai, akwai kuma wanda sai da ɗan tallafin babba. Duk uwar da ta taɓa dafa hannun 'yarta a kan muciya tana koya mata tuƙin tuwo, ta saki a hankali, ta san wannan.

Inda aji ya ɗauki zafi shi ne batun shaƙuwar jariri da mai renonsa. Malamar da ta ɗauki wannan ɓangare ta faɗa mana cewa Mary Ainsworth, wadda ake ji da ita a fannin, a Yuganda ta fara nazarinta a wajajen 1954, tana shiga gidajen mata tana kallon yadda suke da jariransu. Ta ƙara da cewa a 1977 an buga wani nazari da aka yi a kan jarirai Hausawa, cikin masu binciken har da Robert LeVine, inda aka ga jariri yana shaƙuwa da mutum fiye da ɗaya a gida, ko da yake akwai wadda yake fi neman gudu wurinta. Na ji daɗin wannan har raina. Goyo, da kishiyar uwa mai kirki, da kaka, da yayar da ke ɗaukar ƙani, ashe duk abin nazari ne a jami'o'in duniya. Daga nan muka shiga gardamar yaye. Alƙur'ani ya ambaci shekara biyu cikakku ga wanda yake son cika shayarwa, wannan ba a ja. Abin da aka ja a kai shi ne yadda ake shafa wa nono abu mai ɗaci rana ɗaya, a kwashi yaro a kai shi gidan kaka ba tare da sabo ba. Wasu suka ce haka aka yi mana ga mu mun girma lafiya. Ni dai ra'ayina, kai yaro wurin kaka alheri ne in ya riga ya saba da ita, amma a yi abin sannu-sannu. Kunyar ɗan fari ma an taɓa ta, kuma har yau ina ganin kunya ba ta hana uwa ta yi wa ɗanta magana mai daɗi a ɗaka. Malama ba ta raina al'adarmu ba, ba ta kuma hana mu duba ta da idon basira ba. Wannan tarbiyyar koyarwa ce da na ɗauka daga gare ta.

Game da samartaka, abu biyu suka zauna mini. Na ɗaya, ɓangaren gaba na ƙwaƙwalwa, mai kula da tsai da shawara da danne zuciya, ba ya gama nuna sai wajen shekara 25. Na biyu, matakin da Erik Erikson, masanin da ya kasa rayuwar mutum mataki takwas, ya ce matashi yana fafutukar sanin ko shi wane ne. Ina da ɗa mai shekara 15. Na rage yi masa faɗa a gaban ƙannensa, na fara neman shawararsa a kan ƙananan al'amuran gida, kuma ya fara zama yana ba ni labarin abokansa.

Amma ranka ya daɗe, abin da ya sa na ɗauki biro shi ne darasin tsufa.

Surukata, wadda muke kira Hajiya, tana zaune tare da mu, ta haura shekara 80. Kimanin shekara biyu ke nan da ta fara canzawa. Ta ci abinci ta ce ba a ba ta ba. Ta ɓoye goronta a ƙarƙashin katifa ta ce an sace. Abin da ya fi tayar mana da hankali, da la'asar sakaliya sai ta tattara zannuwanta ta ƙulle a ɗankwali, ta sa takalmi, ta ce za ta tafi gida Baba yana jiranta, alhali mahaifinta ya rasu tun kafin a haife ni. Mukan ce, "Hajiya, ai nan ne gidanki, Baba kuma ya daɗe da rasuwa." Sai ta fashe da kuka kamar yau aka yi mata rasuwar, gobe kuma a sake. Masu zuwa dubiya kowa da tasa: wannan ya ce sammu ne, wancan ya ce iska. Akwai ma maganar da ta fi wannan muni da ake jifan tsofaffin mata da ita a garuruwanmu, ba na son ko ambatonta. Ni kaina, Allah Ya yafe mini, na fara zaton da gangan take yi don ta ɓata mini suna a dangin miji.

Ranar da malam ya zo kan wannan babi ya bambance mana mantuwar tsufa ta yau da kullum, kamar a manta inda aka ajiye carbi a tuna daga baya, da ciwon da muke kira gigin tsufa. Ya ce ciwo ne na ƙwaƙwalwa, kuma ba kowane tsoho yake samunsa ba. Wani likita Bajamushe, Alois Alzheimer, shi ya yi bayanin nau'in da ya fi yawa a 1906. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum fiye da miliyan 55 suna fama da shi, kuma kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari nau'in Alzheimer ne. Ya bayyana cewa sabon abu shi ke fara gogewa, tsohon tuni ya fi daɗewa, shi ya sa mai ciwon zai manta karin kumallon yau amma ya tuna gidan da ya yi ƙuruciya. Ya ce da yawansu rikicewar takan ƙaru idan rana ta doshi faɗuwa. Ina zaune a benci na uku, hawaye suka zubo mini a kan littafi. Hajiya yake siffantawa kamar ya taɓa kwana a gidanmu. Sai ayar Suratul Hajji ta faɗo mini, wadda take maganar wanda ake mayarwa zuwa mafi ƙasƙancin rayuwa har ya zama bai san komai ba bayan sani. Na sha karanta ta, ban taɓa haɗa ta da matar da ke ɗakin kusa da nawa ba.

Bayan an tashi na tsaya na yi masa bayani. Bai yi gaggawa ba, ga shi wasu na jiransa. Ya ce shi malami ne, ba likita ba, mu kai ta asibiti, domin wani ruɗewar yakan zo daga abin da ake iya magancewa. Sannan ya ce mu daina gardama da ita a kan abin da ƙwaƙwalwarta ba za ta iya riƙewa ba, mu bi ta inda take. Maigidana ya kai ta, likita ya tabbatar da ciwon, ya daidaita mata maganin hawan jini, ya ce babu maganin da ke warkar da shi amma kulawa tana sauƙaƙa shi ƙwarai.

Wata yamma ta sake ƙulla kayanta ta nufi zaure. Maimakon in tare ƙofa, sai na shimfiɗa tabarma na ce, "Hajiya, zauna ki huta tukuna. Wai yaya gidan Baba yake ne?" Ta tsaya ta dube ni, ta zauna, ƙullin yana kan cinyarta. Ta ce akwai tsamiya a ƙofar gida, akwai rumbu uku, rijiyarsu ba ta ƙafewa ko da bazara. Ta faɗi sunan akuyarta. Ta rera mini waƙar da suke yi in suna daka, tana buga cinya daidai da saukar taɓarya, ba ta ɓata ko baiti ɗaya ba. Har aka kira magariba tana ba ni labari. Da kanta ta kwance ƙullin ta ce in mayar mata da zannuwan cikin akwati, dare ya yi, sai gobe. Shekara 17 ina aure a gidan nan, ban taɓa jin ko ɗaya daga cikin labaran nan ba.

Erikson ya ce aikin matakin ƙarshe shi ne mutum ya waiwayi rayuwarsa ya ga ko ta yi ma'ana, kuma matarsa Joan, da ta haura shekara 90, ta ƙara mataki na tara daga abin da ta gani a jikinta. Yanzu in mahaifina ya ɗauko labarin fataucinsa zuwa Kurmi karo na ɗari, nakan zauna in saurara, nakan kuma kira jikokinsa su zo su ji.

Na san an kafa cibiyar nan a 1976, shekarar da aka fara shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, don a samar wa ƙasa malamai. Tsarinku na karatu a ƙarshen mako da lokacin hutu shi ya ba irina dama, mai aji da miji da yara da tsohuwa a gida. Ina godiya ga mai kula da cibiyar karatunmu, wanda bai taɓa ɗaure wa mai goyo fuska ba don ta shigo aji da jaririnta. Ina godiya ga malaman da in Turanci ya cije suke juyowa su warware mana da Hausa, da ma'aikacin da yake riga kowa zuwa ya buɗe azuzuwa ya share.

Roƙo ɗaya nake da shi, ranka ya daɗe. A duba yiwuwar mayar da wannan darasi, musamman babin tsufa da na yaye, zuwa Hausa, a ƙaramin littafi ko a shirin rediyo. Matan unguwarmu huɗu sun riga sun zo suna tambayata yadda muke yi da Hajiya, kuma abin da na rubuta a littafina na aji shi nake karanta musu.

Allah Ya saka muku da alheri, Ya ji ƙan iyayenku, Ya ba ku masu kula da ku ranar da ƙarfi ya ƙare. Hajiya tana nan da sauƙi, jiya ma ta koya wa 'yata waƙar dakan.

Wassalam.

Taku ɗaliba,
Malamar firamare daga Jihar Katsina